Dutsen da Muka Kai Tudu

Ni ne na ɗauki dutsen. Gara in faɗi haka tun da fari, don yanzu a ƙauyenmu kowa da irin labarin da yake bayarwa, har na ji wata a kasuwa tana cewa ruwan sama ne ya ture shi. Ba ruwan sama ba ne. Ni ne, Tongdam, da igiya da katako biyu da 'yar taraktar da nake kai buhunan kofi garin Paksong da ita. Yayata Bualoi ce ta ba da umarni, amma hannun da ya yi aikin nawa ne.

Latsami 'yar Bualoi ce, ita kaɗai ta rayu cikin huɗun da ta haifa. Tana jaririya uwar ta laƙa mata Kwaɗo, don iskoki su ji sunan su raina, su wuce. Sun kuwa wuce. Yarinya ta girma, ta yi makaranta a Pakse, ta zarce jami'a a Vientiane, babban birnin ƙasarmu, har ta kai matsayin da in ta fara bayanin abin da take karantawa sai mu gyaɗa kai kawai mu tura mata kwandon shinkafa. Uwarta dai ba ta fasa ce mata Kwaɗo ba, ko a gaban malamanta.

Abin da take nema rami ne. Baƙaƙen tsakuwoyin nan masu ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba, waɗanda muke tsinta a gangare in ruwa ya wanke ƙasa, muke ce musu kashin tauraro, ta ce ba mu yi nisa da gaskiya ba. Shekara kusan dubu ɗari takwas da suka wuce, wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin sama ya daki ƙasa har ta narke, narkakkiyar ta fantsama sama, ta dawo gilashi, ta zuba tun daga nan har ƙasashen da sai an tsallaka teku. Gilashin ana tsintarsa ko'ina. Ramin ne ba a gani ba. Wasu malamai suna zaton yana ƙarƙashin tudun nan namu, aman duwatsu ya malalo daga baya ya rufe shi, mu kuma muka zo muka dasa kofi a kai. Na ce mata abin mamaki ne ramin da ƙetare shi sai an yi rabin yini ana tafiya ya cike da kansa, alhali wanda ke kan hanyar Paksong shekara tara ke nan an kasa cike shi. Ta ce in ajiye surutu in zama direbanta.

Shekara uku ta yi tana rubuce-rubuce kafin a ba ta aron wata na'ura daga ƙasar waje, na wata biyu kacal. Girman na'urar bai wuce tukunyar turara shinkafa ba, amma a kan cinya take riƙe ta a mota, in na faɗa gargada kuwa sai ta kalle ni kamar na taka jariri. Aikinta auna yadda ƙasa ke jan abu. Inda dutse yake a cure a ƙarƙashi, jan ya fi ƙarfi. Inda rami ne cike da ɓaraguzai, jan yakan ragu kaɗan, kaɗan ɗin da babu mai jinsa a jiki. In aka auna wurare ɗaruruwa aka zana a takarda, siffar abin da ke binne za ta fito.

Sai dai na'urar tana da halin tsohon sikeli, tana zamewa a hankali cikin yini. Maganin wannan shi ne a sami wuri guda a riƙe, a fara da shi da safe, a dawo masa da rana, a rufe da shi da yamma, duk sauran awon a gwada su da shi. Latsami ta zaɓi wani shimfiɗaɗɗen dutse a bayan gidan uwarta, wanda a da ake bugun wanki a kai. Ta kafa masa ƙusar tagulla a tsakiya, ta zagaye da jan fenti, ta tara mu ta ce kada kowa ya taɓa shi. Ni ta kalla lokacin da take faɗa, ni kuma na daki ƙirji na ce ta bar min wannan.

Sau uku a rana takan durƙusa a gabansa, ta ɗora na'urar, ta sunkuya tana murɗa 'yan ƙafafunta har ta zauna daidai, sannan ta yi tsit kamar ba ta numfashi. A lokacin ba mai tafiya a tsakar gida. A ɗaure kare, a tsayar da daka, ni ma in tari ya kama ni sai in haɗiye abina. Bualoi takan tsaya a saman matakala tana kallo. An yi mata bayani ya fi sau goma cewa ba bauta ake yi ba, ta kuma ce ta gane. Amma ido ya ga abin da ya gani: mutum mai ilimi, gwiwa a ƙasa, safe da rana da yamma. Ga dutsen kuma daidai ƙarƙashin igiyar da ake shanya zannuwan mata, wurin ƙasƙanci a al'adarmu, da ko ni ba na sunkuyawa in ratsa.

Mun yi sati uku muna aiki a gabashin kogi. Ba ma sauka daga turba, saboda ragowar bama-baman yaƙi da har yau ƙasa ke tofarwa in ta ga dama. Wuri ɗari da arba'in muka auna. Ni aikina tuƙi, riƙe laima, da korar yara da shanu. Ranar da za mu ƙetara yamma, Latsami ta tashi da ciwon kai da ciwon bayan ido. Kafin yamma jikinta ya yi rau, zazzaɓin sauron nan mai karya ƙashi ya kama ta. Muka kai ta asibiti a Pakse. A rana ta huɗu dasashinta ya fara zubar da jini.

Bualoi ta dawo daga asibiti a motar safe, ba ta ko shiga gida ba ta wuce wajen tsoho Unhuan, mai kula da rumfar iskan gari. Ya ƙirga ƙwayar shinkafa sau uku, ya ce akwai abin da ake girmamawa a gidan da aka bari a ƙasƙance. Bai ce dutse ba, a yi masa adalci. Bualoi ce ta cike sauran. Ina gyaran injin ɓare kofi ta same ni.

"Tongdam, kawo taraktarka."

"Yaya, ta ce kada a taɓa shi."

"Tana da lafiya ta faɗa. Ka ga bakinta jiya? Ka ga jinin?"

Na ce wannan aikin sauro ne, likita ma ya faɗa a gabanmu.

"Sauro nawa ne a garin nan da sai ita suka gani? Uku na binne, kai ka haƙa musu rami da hannunka. Ka ɗauko tarakta ko ka ɗauko shebur, zaɓi ya rage naka."

Na ɗauko tarakta. Mu huɗu muka ɗaga dutsen da katako, muka haura da shi tudun bayan gari, muka shimfiɗa shi a gefen rumfar, kusa da tankin ruwa. Bualoi ta wanke shi da ruwan turare, ta ɗaura masa farin zare, ta zuba furanni. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya sauka. Likita ya ce dama a rana ta shida ko ta bakwai ciwon kan juya, ko nan ko can. Bualoi ta yi masa godiya sosai, ta fito ta kalle ni ta gefen ido.

Latsami ba ta iya ko tsayawa ba, ga kwanakin aron na'ura suna tafiya. Daga gadon asibiti ta sa aka turo abokin aikinta, Kamsing, ya ƙarasa yammacin kogi. Wani siriri ne mai tabarau, aikinsa niƙa kashin tauraro a ɗakin gwaji yana duba abin da ke ciki, bai saba da daji ba, in ya ga matsattsaku sai ya nemi hawa mota. Saƙon da ta ba shi gajere ne: dutse mai ƙusa da jan fenti, Kawu zai kai ka. Na kuwa kai shi. Ya ga ƙusa, ya ga fenti, ya ga furanni, ya yi dariya ya ce lallai mutanen garin nan suna son Latsami. Na buɗe baki zan yi magana sai na fasa. Dutse ai dutse ne. Ƙusar tana nan, fentin yana nan, ko ɓantarewa bai yi ba a hanya, don sai da na shimfiɗa masa buhu biyu. A tunanina dutsen ne ke da muhimmanci, kamar yadda in ka ɗauki sikeli daga shago ka kai gona kilo ɗaya bai zama biyu ba. Ban san wurin ne ake so ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, an faɗa, amma ranar ni nake ganin na fi kowa wayo.

Kamsing ya yi sati uku, safe da rana da yamma yana durƙusawa a tudu, ya tattara kayansa ya koma. Latsami kuma daga asibiti birni ta wuce, ta ƙarasa jinya can. Bayan wata biyu ta kira ni a waya ina tsakiyar tsinkar kofi.

"Kawu, dutsen nan nawa ka kai Kamsing, ko?"

"Shi."

"Mai ƙusa?"

"Mai ƙusa da jan fenti."

Na ji ta sauke numfashi. Ta yi godiya, ta tambayi ƙafata mai ciwo, ta kashe. Ban yi mata ƙarya ba, amma ban ji daɗin abincin ranar ba.

Da sabuwar shekararmu ta gargajiya ta matso, lokacin zafi, ta aiko za ta zo gida. Bualoi ta sake samu na, wannan karon da murya ƙasa-ƙasa, ta ce a mayar da dutsen gurbinsa na 'yan kwanakin, kada yarinya ta gani ta ɓata rai a banza, in ta koma sai a sake haurawa da shi. Ta ma riga ta sanar da iskan gari ta kai masa kaza. Gurbin yana nan, ta kife tsohon kwando a kai duk tsawon watannin. Muka sauko da shi, ya zauna daram, Bualoi ta ɗauke igiyar shanya ta mayar gefen gida. Ka rantse ko ƙuda bai taɓa sauka a kansa ba.

Latsami ta zo ta rame, gashinta ya zube rabi, amma ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Rana ta biyu, bayan an gama yayyafa wa tsofaffi ruwa kamar yadda muke yi a bikin, kowa a jiƙe, ta kira ni baranda ta shimfiɗa wata babbar takarda, ta danne gefunan da kofuna. Rabin gabas shuɗi ne, rabin yamma ja. Ta ce shuɗin nan ƙasa ce mara nauyi, ja kuma mai nauyi, layin da ya raba su kuwa tana ganin bakin ramin ne. Ba ramin duka ba, bakinsa, amma ba wanda ya taɓa sa yatsa a takarda ya ce ga shi nan. Nan da kwana goma akwai babban taron masana a Singafo, an ba ta minti ashirin ta tsaya ta nuna. Malaminta ya sa hannu, an buga sunanta a jerin masu magana. Bualoi tana zaune a bakin ƙofa tana tsinke ganye, ba ta fahimci ko rabi ba, amma kana ganin yadda ta miƙe wuya.

Latsami ta ce da farko ita kanta ba ta yarda ba, don layin ya bi kogi, daidai inda nata aikin ya tsaya na Kamsing ya fara. Wannan ya dame ta ƙwarai. Ta sake lissafi sau biyar. Ta sa aka duba na'urar, lafiya lau. Ta tsare Kamsing da tambaya har ya ji haushi ya turo mata hoton na'urar a kan dutsen, ga ƙusa ga fenti. Ta kira ni. Daga ƙarshe ta ga ai kogi yakan bi inda ƙasa ta tsage ne, don haka ba abin mamaki ba ne ya bi bakin rami.

Na tambaye ta, kamar mai son sani kawai, ko bambancin shuɗi da jan nan mai yawa ne.

Ta ce ɗan mitsitsi ne. Ƙasa ta fi jan wanda ke kusa da ita a kan wanda ya hau sama, to bambancin bai wuce wanda za ka samu ba in ka hau tudu mai tsawon mita goma. "Duk lambobin nan a jikin dutsen Inna suke rataye, Kawu. Ba dutsen ba ma, daidai wurin da yake. Abu ɗaya ne zai rushe min aiki, sai in ya yi fiffike ya tashi sama ya dawo." Ta yi dariya. Ni ma na buɗe haƙora.

Ni na ja bututun ruwa daga tankin tudu zuwa gidan Bualoi shekara shida da suka wuce. Mutumin gunduma da ya zo dubawa ya ce ruwan zai sauko da ƙarfi, don gangaren ya kai mita goma. Har yaba min ya yi.

Kwana biyu ina yawo da wannan a ciki. Gari na ta kiɗa, ana watsa ruwa, ana shafa wa juna hoda, ana miƙo min giyar shinkafa, ni kuwa hankalina na kan tudu. Na sami Bualoi a madafa tana dakan gwanda, na yi mata bayani yadda zan iya. Ta saurara ba ta daina daka ba. Ta gane, don Bualoi ba ta da karatu amma ba ta da toshewar kai. Ta ce yarinya ta warke, ta sami raminta, wa aka cuta? Na ce za ta tsaya gaban mutanen da wannan ne abincinsu, badi wani zai zo da tasa na'urar ya auna ya ga babu komai, kuma ba sunana ko nata za a kira ba. Ta ce badi ai da nisa. Na ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Ta ajiye taɓarya.

"Ka ga yadda take cin abinci? Rabon da in ga ta ƙara shinkafa tun kafin ciwon. Ka je ka faɗa mata uwarta ce ta ɓata mata aikin shekara uku. Je ka. Amma daga ranar ka nemi wata yayar."

Ba zan ce son gaskiya ne ya tura ni ba, don na sayar da kofi mai danshi a matsayin busasshe ba sau ɗaya ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne na san yadda ake yi wa namu dariya a birni, mu mutanen tudu, na kuma hango ta a tsaye da takardarta ana yi mata irin wannan dariyar da harshen da ba na ji. Tsoro ne da tausayi, sun haɗu sun fi ƙarfin tsoron Bualoi da kaɗan.

Da safe na sami Latsami a bayan gida tana wanke gashi. Na tsaya a kan ƙafata mai ciwo na faɗa mata duka, ban rage ba, har da kazar. Ba ta yi ihu ba. Ta matse gashin, ta ɗaure da tawul, ta tambayi ranar da muka ɗauke shi. Na ce washegarin cikar wata, da aka gama zaman damina na masu ibada. Ta tambayi ranar da Kamsing ya iso. Bayan kwana huɗu. Ta ce in nuna mata wurin.

Babu na'ura a hannu, sai ta sa na aro farin tiyon da magina ke daidaita tubali da shi, muka cika shi da ruwa, ta yanki gora ta yi mata alamar mita biyu. Tun daga ƙusa muka fara, ni riƙe da gora, ita tana duba inda ruwa ya tsaya tana rubutawa, mu matsa, mu sake. Muka ratsa bayan gidaje uku da garken alade da gonar ayaba. Mutane suka fito suna kallo, wani ya tambaya ko sabon famfo za a ja. Rana ta take sosai kafin mu kai gefen rumfa, inda har yanzu ga shatin dutsen a ƙasa da busassun furanni. Mita tara da santimita saba'in.

Ta zauna a inuwar tanki ta yi lissafi a kan gwiwa. Bai ɗauke ta minti biyar ba. Ta sake yi. Sannan ta rufe littafin ta ce in an cire wannan, gabas da yamma ɗaya suke, babu shuɗi babu ja.

Na tambaya ko aikin duka ya mutu. Ta ce a'a, lambobin za su gyaru, ko da ba su yi kyau kamar da ba. Ramin ne dai ba ya nan. Garin neman gira mun rasa ido, ni da yayata, kuma ba namu idon ba.

A nan ne na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce dutse ya koma wurinsa, Kamsing bai sani ba, malaminta bai sani ba, mutanen gari kuwa in na ce su yi shiru za su yi. Ta je ta yi minti ashirin ɗinta, daga baya a san yadda za a yi. Ta daɗe tana kallon ƙasa, har na ɗauka tana auna maganar. Wataƙila ma ta auna, ban sani ba.

"Kawu, shekara dubu ɗari takwas ramin nan yana inda yake. Ba zai matso don ni ba."

Ta sauka bakin titi inda waya ke kamawa, ni ina biye da ita da tiyo a kafaɗa. Ta kira malaminta, ta roƙi a cire sunanta daga jerin. Ina jin muryarsa tana fitowa daga wayar, ba ta yi kama da ta mai murna ba. Ta ce an sami matsala a wurin da ake komawa awo, kuma kuskurenta ne, don da ta yi shakka kamata ya yi ta zo ta duba da idonta, ba ta tsaya ga hoto da waya ba. Ya tambayi wa ya matsar da dutsen, na ji wannan sarai. Ta ce wanda ya kafa ƙusa a bayan gida bai yi wa mutanen gidan cikakken bayani ba shi ne mai laifi. Ba ta ambaci uwarta ba, ba ta ambace ni ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Bualoi ba ta buƙaci a faɗa mata ba, duk gari ya ga tiyo. Ranar ba ta yi min magana ba, ba ta yi wa 'yarta ba. Suka ci abinci a kwando ɗaya, kowa na kallon hannunsa. Latsami ta ce za ta bi motar safe, akwai takardun da za ta rubuta na neman a sake ba ta aron na'ura, in za a ba ta. Uwar ta ce to.

Da safe na zo in ɗauki jakarta. Tana zaune a tabarma tana naɗe takardar nan mai shuɗi da ja. Sai ga Bualoi ta fito daga ɗaki, ta sa zanenta na zuwa wurin ibada, ta rataya gyale a kafaɗa, riƙe da tasar azurfa. A ciki kyandir biyu-biyu kashi biyar, furanni ma haka, an jera su yadda ake yi. Tasar neman gafara ce, wadda yaro ke kai wa babba, amarya ke kai wa surukai, Latsami kanta ta kai wa uwar tata kwana huɗu da suka wuce kamar kowace shekara. Shekarata hamsin da bakwai, ban taɓa ganin tasar nan ta tafi daga babba zuwa yaro ba. Ban kuma taɓa jin Bualoi ta ba wani mahaluki haƙuri ba, har mijinta ya mutu yana jira.

Ta durƙusa a gaban 'yarta, gwiwoyin suna ƙara, ta ɗaga tasar da hannu biyu har goshi.

"Inna, don girmanki ki tashi. Mutane za su gani."

"Su gani. Karɓi."

"Ba a yin haka."

"Yau an yi. Hannuna ya gaji, Kwaɗo, karɓi."

Latsami ta sa hannu biyu ta karɓa, kyandir ɗaya ya gangaro ƙasa na tsince shi. Bualoi ta haɗa tafukanta ta sunkuyar da kai tana jira. Shiru. Mota ta yi oda a bakin titi. Sai na ga Latsami ta juyo tana kallona kamar ɗalibar da aka tsayar gaban allo, na kuma gane abin da ya faru. Kalmomin yafewa na manya ne. Ta ji su sau talatin a kanta tana sunkuye, amma ba ta taɓa furta su ba, ba kuma wanda ya yi tunanin koya mata.

"Ban san yadda ake faɗa ba, Inna."

Bualoi ba ta ɗago ba. "Duk karatun nan. To, bi ni. Abin da kika yi min da jiki."

"Abin da kika yi min da jiki."

"Da baki, da zuci."

"Da baki, da zuci."

"Da sani ko ba da sani ba, na yafe. Kada ya bi ki, kada ya bi ni."

A nan muryar Latsami ta karye, ƙarshen bai fito ba. Bualoi ta ce ba ta ji ba, ita kuma rabin yafiya ba ta karɓa, a sake daga farko. Na ajiye jakar na sauka in roƙi direba ya ɗan jira.